Dambu da Dusarsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda ta same ka ka sauka Isa lafiya, kai da kayanka da duk wanda kuka shiga mota tare. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya rufe idon mugu daga kanka, Ya sa ka shiga garin mutane da ƙafar dama. Ka gaishe mini da maigidan da ya ba ka ɗaki, shi da iyalinsa, ko da ban san su ba.

Na san za ka yi mamaki in ka kwance kayanka ka ga madambaci da 'yar tukunya, ka ɗaga marfi kuma ka ga rubutuna. Ka yi haƙuri da hannun, ka san da girmana na koyi boko a ajin matan aure, layina har yau ba ya tafiya daidai. Da za ni iya, da baki za ni gaya maka. To amma kai ɗan fari ne, ka kuwa san yadda muke. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa zaunar da kai na dubi idonka na yi maka doguwar magana ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kamawa ba. Ƙannenka na sha zama da su muna hira har da dariya, kai kuwa sai "tashi", sai "ungo", sai "Allah Ya kiyaye". Takarda ba ta jin kunya, shi ya sa na aiko ta a madadina.

Ba labarin gida za ni ba ka ba, ka san shi ka bar shi. Maganar cikinka ce. Wata uku ke nan da aka gwada jininka a asibiti aka ce ciwon suga ne, irin wanda ya kwantar da babanka. Tun daga ranar ni ke dafa maka abin da za ka ci, kana ci kana ɓata fuska, amma dai kana ci, kuma ramar da ka yi ta fara cikowa. Yanzu ga aikin koyarwa ya kai ka Isa. Tafiyar ba nisa gare ta ba, amma hanyar yadda ta zama a 'yan shekarun nan ba wadda uwa za ta ce wa ɗanta ya riƙa bi kowane mako ba ce, ni kuma ba ni da mai kai maka kwano. Na kuma san halinka. Da safe teburin mai shayi, burodi da madara da suga cokali uku. Da rana shinkafa da taliya wajen mai abinci, a kora da lemon kwalba. Na san inda wannan hanya take ɓullewa, don na taɓa raka mutum har ƙarshenta.

Saboda haka kai za ka dafa da hannunka. Na ji ka a raina kana cewa ba ka iya ba, kuma gaskiyarka, ba ka iya ba. Laifin nawa ne, bari in faɗa maka yadda aka yi ko da ka manta.

Kana ɗan shekara bakwai, wata ranar Juma'a da hantsi, ina zaune bakin murhu ina zage zogale. Ka zo ka tsuguna kusa da ni ka ɗauki reshe ɗaya kana zagewa, kuma hannunka ya fi na ƙanwarka Saratu natsuwa. Kana ta tambaya, me ya sa ake naɗa tsumma a wuyan tukunya, me ya sa ruwan ba ya taɓa tsakin amma yana dahuwa. Ina jin daɗi a raina ina amsa maka a gajarce. Sai ga Gwaggo Kulu, yayar babanka, ta yi sallama. Ta tsaya ta riƙe haɓa.

"A'a! Mi nika gani haka? Ɗa namiji cikin madahi, awa wata 'yar budurwa? Ke, haka za ki lalata muna magajin gida?"

Kunya ta rufe ni. Ba kunyar girkin ba ma, kunyar a ce an kama ni ina jan ɗan fari a jiki. Na ɗauki muciya na sauke maka a gadon baya, na ce, "Tashi ka ba ni wuri! Wa yak kira ka nan?" Ba ka yi kuka ba. Ka ajiye reshen a kan faifai, ka kakkaɓe hannu, ka fita. Daga ranar ko ruwan zafi kake so sai ka tsaya daga nesa ka aiki Saratu. Na yi baƙin ciki tun a lokacin, amma ban kira ka ba, har aka yi shekara ashirin.

To yau na kira ka. Ka shiga madafi, babu abin da zai ragu a jikinka. Mai tsire namiji ne, mai shayin da kake ba kuɗinka namiji ne. Babanka da kansa, lokacin da suke kai kaya Maraɗi da Madarunfa, shi ke dafa wa abokan tafiyarsa in sun yada zango, sai ya dawo gida ne yake manta inda ashana take. In 'yan'uwanka malamai sun leƙo sun yi maka dariya, ka zuba musu a faranti. Dariyar mai jin yunwa ba ta daɗewa.

Mu fara da gero. Wanda ke cikin farar leda na kawunka Sani ne na Gangara, ɗan abin da ya samu a gonar bakin gari, tunda ta nesa ba ta nomu ba bana. Na surfa shi na ɓarza maka, zai kai ka mako biyu. In ka buɗe za ka ga bai yi fari ba, ya yi duhu-duhu kamar ba a gama aikinsa ba. Da gangan ne. In ya ƙare ka sayi rabin tiya a kasuwa, ka ba wata tsohuwa a unguwar ta surfa maka, amma ka ja mata kunne: surfe ɗaya, sama-sama, iyakar abin da zai fitar da ƙaiƙayi da datti. Za ta ce maka ba haka ake yi ba. Ka ce haka innarka ta ce. In ka kai inji kuma ka tsaya a kansa, ka ce ɓarji kake so, ba niƙa ba, don in ka juya baya gari zai miƙo maka.

Wannan farin ma da ake nema, ni na fi kowa sanin tsadarsa. Lokacin da aka kawo ni Sabon Birni daga Tsamaye, dambun da na iya irin na kakarka Iya ne, mai duhu, ganyen ya kusa fin tsakin yawa. Girkina na farko da aka rarraba wa dangin miji shi na yi, ina ta rawar kai. Aka kai wa Gwaggo Kulu nata, ta buɗe akushi a gaban mata ta ce, "Wanga dambu na ko ƙasa ta? Kai, mutanen ƙauye da ƙarhin hali!" Aka yi ta shewa. Labari ya iso ni kafin akushin ya dawo. Na shiga ɗaki na yi kuka, na rantse ba a ƙara yi mini wannan dariyar ba. Na koma surfe sau uku, in wanke in sake wankewa har ruwan ya fito garau. Ganye na rage shi ya zama ado. Daga baya ma na bar geron na koma dambun shinkafa, tunda babanka na kawo ta buhu-buhu. Sunana ya fita a unguwa, kowane suna kowane biki sai a ce a kira matar Alhaji. Dusar kuwa awakina nake zuba wa, suka yi ɓul-ɓul suna sheƙi, har ana tambayata abin da nake ba su.

Sai bayan shekaru, da ciwo ya kama babanka, wata malamar asibiti ta zaunar da ni ta tambaye ni yadda nake sarrafa hatsi. Na zayyana mata ina alfahari. Ta yi murmushi ta ce, "Hajiya, ai amfanin kin ba awaki." Ta ce wannan dusar ita ke riƙe abinci ya narke a hankali, kada zaƙinsa ya afka wa jini gaba ɗaya. Ban san yadda abin yake a cikin jiki ba, kai da ka yi karatu ka fi ni sani. Abin da na sani shi ne Iya ta haura tamanin tana cin baƙin dambunta tana zuwa rijiya da kanta. Kada ka gyara abincinka don bakin wanda ba shi zai kwana da cikinka ba.

Yanzu aikin. Ka ɗebi tsaki gwangwanin madara biyu, ya ishe ka rana da dare. Ka zuba a ƙwarya ka rege shi, don geron ƙasarmu ba ya rabuwa da yashi, kuma haƙori ɗaya in ya gamu da tsakuwa sai ka tsani dambun gaba ɗaya. Ka tsane shi a rariya ya sha iska kaɗan. Ruwan tukunya kada ya wuce rabi. In ya yi yawa zai tafaso ya taɓa gindin madambaci, ka tashi da fate ba ka yi niyya ba. Ka ɗora madambacin, ka jiƙa tsumman da na sa maka a ciki, ka naɗe mahaɗar da kyau. Amsar tambayarka ta shekara ashirin ke nan: tururi ne ke dafa dambu, ba ruwa ba, in ya samu wata kafa ta gefe nan zai bi ya bar maka tsaki ɗanye. Sai ruwa ya tafasa sannan ka zuba tsakin, ka barbaɗa shi da yatsu a hankali. Kada ka danna. Na san hannunka, duk abin da ka kama sai ka matse shi kamar zai gudu. Ka rufe ka bar shi har tururi ya ratso ta sama, ƙamshin gero ya cika ɗakin. Sannan ka juye a roba mai faɗi, ka farfasa curin da bayan ludayi, ka yayyafa ruwa kaɗan. Wannan turarawar farko ce, rabin aiki.

Kafin in kai ka ga ta biyu, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Saratu. Kana makarantar horon malamai a lokacin, kana zuwa hutu kana komawa, ka ɗauka an yi wa babanka duk abin da ya kamata. Ba a yi ba.

Da malamar nan ta gama yi mini bayani, na dawo gida da tsoro na fara dafa masa dambun gero da dusarsa. Sai dai a kaina na ɗauka abincin marar lafiya dole ya zama horo. Ban sa mai ba, ban sa daddawa ba, gishiri kamar an yi rowa, yaji ko ƙwaya. Tsaki da ganye kawai, busasshe, in ka haɗiya sai ka nemi ruwa. Kwana biyu yana ci. Rana ta uku ya ture kwanon.

"Wanga abincin awaki na. Ni da nika kawo shinkahwa tun daga Maraɗi, ni za a aza ma dusa?"

Na daure, na ci gaba har mako biyu. Sai wata rana abokan fataucinsa biyu suka zo daga Nijar, aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Na yi musu shinkafa da miya, shi kuma na aika masa nasa kwanon daban. Ɗayansu ya leƙa ya ce cikin raha, "Alhaji, kasuwa ta ɓaci na?" Suka yi dariya, shi ma ya yi. Da suka tafi ya shigo cikin gida. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya bakin ƙofata ya ce, "Kin ba ni kunya gaban mutane." Ya juya.

Washegari na dafa masa farar shinkafa. Na dama masa fura na zuba suga yadda yake so. Ya ci ya yi hamdala ya sa mini albarka, ni kuma na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, kada in yi maka ƙarya. Na ce a raina yau ɗaya ce. Yau ɗaya ta zama kullum. Da ranar komawa asibiti ta zo, malamar ta gwada shi ta ga abin ya hau, ta dube ni ta ce, "Hajiya, ana kiyaye abincin kuwa?" Babanka na zaune yana kallon ƙasa. Na ce, "Ƙwarai, muna kiyayewa." Ta rubuta a takarda, ta ƙara masa magani, tana mamakin abin da ya hana shi sauka. Sau huɗu tana yi mini wannan tambayar a cikin shekara biyu, sau huɗu ina ba ta wannan amsar.

Sauran ka sani. Ƙusar da ya taka a tasha bai ma ji ba, gyambon da ya ƙi warkewa, tafiya Sakkwato, ƙafar da aka yanke, da shekarar da ya yi a kan tabarma kafin Allah Ya karɓi abinsa. Mutane sun yi ta yaba mini jinya. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, na yi imani babu mai wuce ranarsa. Amma Allah bai ce in yi ƙarya ba. Ban sani ba ko da na tsaya da ya ƙara shekaru, wannan ilminsa na wurin Ubangiji. Na dai san na zaɓi ya yi mini murmushi yau a kan ya ji haushina ya warke, kuma da na sani ƙeya ce. Ina roƙa masa gafara, ina roƙa wa kaina. Kai ma ka yafe mini, don ubanka ne.

Abin da nake so ka ɗauka a nan biyu ne, ko in ce ɗaya da rabi. In malaman asibiti sun tambaye ka, ka faɗi abin da ka ci, ko lemon kwalba ne ka sha a wajen suna. Faɗa za su yi maka, faɗa kuwa ba ya yanke ƙafa. Rabin kuma shi ne, abincin da ba shi da daɗi ba mai iya zama da shi, ko waliyyi ne. Bayan na fita takaba na je Tsamaye wajen Iya, ta turara mini irin nata. Loma ɗaya na yi na ajiye hannu ina hawaye. Ta ɗauka mijina nake tunawa, ta yi ta ba ni haƙuri. Ni kuwa daɗin dambun ne ya sa ni kuka, don na gane da haka na yi wa babanka, da wataƙila ya ci har ya miƙa wa baƙinsa. A gidanmu aka iya shi, ni na yar da shi don a daina ce mini 'yar ƙauye.

To ga yadda Iya take yi, kada ka rage komai. Zogale ɗanye, ka zage ka wanke, ya kai yawan tsakin ko ya fi, don in ya ji tururi zai lafa. In busasshe ka samu, sai ka tafasa shi tukuna ka matse. Rama ma haka, a tafasa a zubar da ruwan farko, in ba haka ba tsaminta zai danne komai. Albasa babba guda, da ganyenta in akwai. Tattasai biyu, attarugu gwargwadon bakinka, kai da ba ka da juriyar yaji ɗaya ya ishe ka. Kabewa 'yar kaɗan, a yanka siri-siri. Wake dafaffe cikin ludayi biyu, shi ke sa dambu ya zauna a ciki har la'asar ba ka nemi komai ba. A ƙaramar kwalbar da na naɗe da leda akwai dakakken yaji: citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa, kimba kaɗan da daddawa. Cokali ɗaya. In ya kusa ƙarewa ka sayi irinsu wajen masu kayan yaji ka ba a daka maka, daddawar ta fi sauran yawa, kanumfarin ya fi kowa ƙanƙanta, don shi in ya yi yawa sai ka ji kamar kana cin maganin haƙori.

Ka zuba duka a kan tsakin nan da ka turara, da gishiri daidai, ka cuɗa da hannu har ko'ina ya samu. Ka duba ruwan tukunya, in ya ja baya ka ƙara. Ni na taɓa ƙona gindin tukunya sabuwa ina can ina hira da maƙwabciya ta kan katanga, dambun ya ɗauki ƙauri, ko kaji sai da suka yi shawara kafin su ci. Ka mayar a madambaci, ka sake naɗe tsumma, ka rufe. In ka ji ƙamshin daddawa da albasa ya fito har waje, ka ɗebi kaɗan ka murza tsakanin yatsu. In ya murzu babu ƙwaya mai tauri, ya yi. Ka sauke, ka zuba man gyaɗa cokali biyu, ka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Ranar da ka samu kifi busasshe ko ƙwai, ka haɗa.

Za ka ce ina malamin makaranta ya ga lokacin wannan duka da safe. Ranar Asabar ka yi turarawar farko da yawa, ka baza a faifai a rana ya bushe ƙayau, ka ɗaure a leda. Haka fatake ke yin guzuri. Kowace safiya sai ka ɗiba ka yayyafa ruwa, ka haɗa da ganye, turarawa ɗaya ta ishe shi, kafin ka yi wanka ka sa riga ya nuna. Kuma don na ce yana da amfani ba cewa na yi ka cika kwano ka tashi da shi ba. Ka raba biyu, rana da dare. Dambu ba magani ba ne, maganinka na asibiti, ka sha shi a kan lokaci, ka nemi asibitin garin tun makon farko su san da kai. Masu lasifika a kasuwa da ke rantsuwa garin maganinsu na wanke suga cikin kwana bakwai, na saya wa babanka har kala uku, ka bar musu kayansu. Dabino biyu uku su zauna a aljihunka kamar yadda aka gaya maka, don ranar da ka ji jiri da rawar jiki. In za ka yi alwala kuma ka dubi ƙafarka da kyau, har tsakanin yatsu, sau biyar ke nan a rana ba ka ƙara wa kanka wani aiki ba.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. Ka san al'adar mutanenmu da baƙon malami marar iyali. Ba za ka kwana biyu ba akushi zai fara sallama: tuwon shinkafa daga cikin gida, kunu da suga da safe, fura daga iyayen yara. Don girmamawa za su yi, kai kuma don kunya za ka cinye, tunda an koya maka ba a mayar da abincin mutane. In ba su san lalurarka ba, da alherinsu za su kwantar da kai.

Ni kuwa na ce ka ɓoye. Ka tuna ranar da muka dawo daga asibiti, tun a soro na tare ka na ce, "Kak ka hwaɗa ma kowa. Wa za shi ba ka ɗiyatai in an jiya?" Ka ce to. Wata uku kana ɓoye ƙwayoyinka a aljihun jaka kamar kayan sata. Na janye wannan magana, kuskure ce, irin wancan ne ya canza riga. Ranar da ka sauka ka samu maigidan ka gaya masa, ka roƙe shi ya gaya wa iyalinsa. Ka ce in za su yi maka alheri, su aiko da zogale da albasa. Ka gaya wa shugaban makarantarku da ko mutum ɗaya cikin malamai, don in jiri ya ɗebe ka a aji a san abin da za a yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ba za ni umarce ka da abin da ni na kasa ba, shi ya sa na riga ka. Ranar Alhamis da ka tafi sallama da abokanka, na yafa mayafi na je gidan su Rakiya, yarinyar da kake nema. Na samu mahaifiyarta, Hajiya Tumba, tana tsintar wake a tsakar gida. Bayan mun gaisa na ce mata, "Hajiya, na zaka da magana, gara ku ji ta ga bakina. Yaron ga an gwada shi, yana da ciwon suga." Ta ajiye faifan. Sannan ta ce, "Irin na marigayi na?" Na ce, "Irin shi na. Yana shan magani, yana kiyaye abinci, likita yac ce in ya kiyaye za shi rayu awa kowa." Ta ce, "To, mun jiya. Za ni hwaɗa ma Malam," wato maigidanta. Rakiya na cikin ɗaki, labule kawai ke tsakaninmu, na san ta ji. Da za ni tafi ba ta fito raka ni ba kamar yadda ta saba. Har na naɗe wannan takarda babu wanda ya aiko da komai, kuma ba za ni ce maka sun yi murna ba, don ban gani ba.

Na san maganar taka ce, kai ya kamata ka kai ta, kuma na san kana son yarinyar. Na kuma san da na bar maka, da sai bayan an ɗaura aure za ka faɗa, ko ba za ka faɗa ba sam. Ita kuwa duk wadda ta shigo gidanka, ita za ta riƙe muciya. In ba ta sani ba, za ta yi ta dafa maka fari tas don tana son ka. In ta sani a makare, za ta taya ka ɓoyewa don tana jin kunya. Ba na so wata 'yar mutane ta tsaya gaban malamar asibiti ta faɗi abin da na faɗa, ta zo ta ɗauki abin da nake ɗauke da shi. In sun ba ka ita, sun ba ka da saninsu, sai in zaunar da ita in koya mata surfe ɗaya. In sun hana, zai yi maka ciwo, ni ma zai yi mini, kuma ni na jawo.

Ka yi fushi da ni in za ka yi, kana da gaskiya. Gara ka shekara kana fushi da ni kana tafiya da ƙafafunka biyu, da in riƙa kai maka ruwan alwala a kan tabarma kana ce mini sannu.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa albarka a aikinka da yaran da za ka koyar. Allah Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya kiyaye ka a ɗaki da kasuwa da hanya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Ya jiƙan babanka, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya yi maka albarka, Magaji, duniya da lahira. Saratu da sauran ƙannenka suna gaishe ka.

In ka huce, ka kira ni. In ba ka huce ba, ka dai dafa ka ci.

Wassalamu alaikum.

Innarka,
Sabon Birni